Mai gyara ya ce ƙwaƙwalwar injin wanki ta mutu: mece ce wannan ƙwaƙwalwa?

Tambayar ta zo daga wani magidanci a Argungu. Injin wankin da ya saya wa iyalinsa, irin mai wanki da ɗauraya da matsewa da kansa, ya daina aiki. In an kunna shi sai ya yi ta ƙara kamar zai ja ruwa, can sai ya yi kuka, ya nuna wasu haruffa, ya tsaya. Mai gyara ya ce ƙwaƙwalwar ce ta mutu, sai an sayo sabon fanel, wato allon da ƙananan kayan lantarkin injin ke manne a kai, daga Kano. An taɓa gaya masa haka a kan fanka mai caji. Yana so ya san wace irin ƙwaƙwalwa ce a cikin fanka da injin wanki, me ya sa ba a sayen ita kaɗai a canza, kuma ɗansa da ya gama sakandare yana sha'awar wannan harka, ta ina zai fara.

Malam, amin wa alaikumus salam. Gyaran fanel na kayan wuta da haɗa sola shi ne sana'ata a nan Birnin Kebbi, don haka bari in fara da abin da ya fi ci maka tuwo a ƙwarya. Daga yadda ka kwatanta, ban yarda ƙwaƙwalwar injin nan ta mutu ba. Injin da fitilunsa suka kama, ya buɗe hanyar ruwa, ya jira, sannan ya yi kuka ya rubuta haruffa, ƙwaƙwalwarsa tana raye, kuma ita ce take faɗa maka abin da ke damun injin. Wadda ta mutu ba ta jira, ba ta kuka, ba ta rubutu. Zan dawo kan injin, amma gara ka san abin da ake magana a kai tukuna.

Abin da masu gyara ke kira ƙwaƙwalwa, wasu su ce aisi, injiniyoyi na kiransa maikrokontrola. In ka buɗe fanel za ka gan ta: 'yar baƙar aba mai kusurwa huɗu, wata ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, da ƙafafu farare jere a gefenta, wata takwas, wata ashirin da takwas, wata fiye da sittin. Kwamfuta ce cikakkiya aka dunƙule wuri ɗaya. A cikinta akwai sashen lissafi. Akwai ma'adanar da kamfani ya rubuta umarninsa, wadda ba ta gogewa ko an ɗauke wuta. Akwai wata 'yar ma'adana ta aikin nan take, ita kuma tana gogewa da zarar wuta ta yanke. Sannan akwai abin ƙidayar lokaci. Ƙafafun nan su ne hanyarta: ta wasu take karɓar labari daga maɓallai da sensa, wato 'yar na'urar da ke auna abu kamar zafi ko ruwa, ta wasu take tura umarni zuwa moto da fitila da rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa ba hannu ba.

Ƙanƙantarta za ta ba ka mamaki. Wata da ɗalibai ke yawan koyo da ita, ATmega328P, ma'adanar umarninta kilobait 32 ce, ta aikin nan take kuwa kilobait 2. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka wannan sau da yawa. Amma hakan ya ishe ta, domin aiki ɗaya aka ba ta. Waya tana kira, tana ɗaukar hoto, tana shiga intanet, gobe ka ƙara mata wata manhaja. Ita wannan daga kunnawa har kashewa abu guda take maimaitawa: ta duba abin da sensa da maɓallai suka ce, ta kwatanta da abin da aka rubuta mata, ta ba da umarni, ta koma ta sake dubawa, sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya. Ba ta da wayo ko kaɗan. Abin da ba a rubuta mata ba, ba ta san shi ba.

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar da TMS1000 kasuwa a 1974, aka sa ta a kalkuleta da kayan wasan yara da na'urar ɗumama abinci. Intel ya fitar da 8051 a 1980, kuma har yau in ka buɗe kayan China masu araha za ka tarar da jikokinta suna aiki da tsarinta. Abin da ya kai ta kowane lungu araha ne. An kai lokacin da sa wannan 'yar aba ya fi wa kamfani sauƙi a kan ƙera agogon murɗawa mai haƙora da sifirin. Sai da ta yi ƙaranci a duniya a 2021, har manyan masana'antun motoci suka riƙa dakatar da aiki, mutane da yawa suka san ashe da ita ake tafiya.

To, mu koma kan injinka, mu bi shi daki-daki. In uwargida ta danna maɓallin farawa, ƙwaƙwalwar sai ta ba bawul ɗin ruwa wuta ya buɗe. Wannan ita ce ƙarar da kuke ji. Ita ba ta ganin ruwa. Abin da take dogara da shi wani siririn tiyo ne da ya taso daga ƙasan gangar injin zuwa wata sensa a sama. Ruwa na hawa, iskar da ke cikin tiyon na matsuwa, sensa na sanar da ita inda ruwa ya kai. Kamfani kuma ya rubuta mata cewa in minti kaza suka wuce ruwa bai kai ba, ta rufe bawul, ta yi kuka, ta nuna lamba kaza. Abin da ka kwatanta ke nan, babu ragi babu ƙari.

Saura a gano abin da ya hana ruwa shiga. A ƙasarmu nan, inda yawancin gidaje rijiyar burtsatse da tanki ne, abin da na fi tararwa shi ne 'yar ragar da ke bakin bawul. Cire filogi, rufe famfo, kwance tiyon ruwa daga bayan injin, ka leƙa cikin bakin da ka kwance. Za ka ga wata 'yar raga ta roba kamar hular yatsa. Jawo ta a hankali da filaya. Sau da yawa za ka same ta ta toshe tam da jan yashi da tsatsar tanki, har ta yi ɓawo. Wanke ta da tsohon buroshin haƙori, ka mayar. In ragar lafiya take, duba ƙarfin ruwan, domin tankin da bai yi tsayi sosai ba yana zubo ruwa a sanyaye, lokacin da aka ɗibar wa injin ya ƙare kafin ganga ta cika. In kuwa ruwa na shiga har ya cika amma injin bai fara juyawa ba, a duba siririn tiyon nan, ko ɓera ya huda shi, ko daskararren sabulu ya toshe shi. Haruffan da yake nunawa kuma ka duba ma'anarsu a ɗan littafin da ya zo da injin, don kowane kamfani da nasa lambobin. Kada ka ɗauki na injin maƙwabci ka fassara naka da shi.

Ba na cewa mai gyaranka macuci ne. Da yawansu sun koyi aiki a kan injin mai ganga biyu, mai agogon murɗawa, wanda babu ƙwaƙwalwa a cikinsa sam, don haka da sun ga fanel sai su ɗora masa laifi. Kuma tana yiwuwa laifin na kan fanel ɗin ne da gaske, amma ba a ƙwaƙwalwar ba. Ita ƙwaƙwalwa ba ta iya ɗaukar wuta mai ƙarfi. Bolt 5 ko 3.3 take ci, abin da ƙafarta ke fitarwa kuma ɗan kaɗan ne, iyakarsa kunna 'yar fitila. Tsakaninta da moto ko bawul akwai 'yan aike, wato rile ko tirayak ko mosfet, su ne ke taɓa wutar gaske, su ne kuma ke ƙonewa. Kowannensu ana sayensa shi kaɗai a cire da dalma a sa sabo.

Haka zancen fankarka. A fanka mai caji aikin ƙwaƙwalwa shi ne karanta maɓallai da rimot, nuna fitilun caji, ƙidaya lokacin kashe kanta, da rage ko ƙara gudu. Yadda take rage gudun ma abin sha'awa ne: ba rage ƙarfin wutar take yi ba, kunnawa da kashewa take yi da saurin da moto ba ya ji, in ta tsawaita lokacin kunnawa fanka ta yi gudu, in ta gajarta ta lafa. Abin da ke mutuwa a irin waɗannan fankoki, a mafi yawan waɗanda ake kawo mini, batir ne. Batirin dalma in aka bar shi babu caji tun daga sanyin hunturu har zafin bazara, ya tafi ke nan. Bayan batir sai 'yan maɓallan nan masu ƙas-ƙas da ƙurar hunturu ke shiga, sai caja.

In ka zagaya gidanka za ka ga ba injin wanki da fanka kaɗai ba ne. Rimot ɗin talabijin na da ita: kowane maɓalli da lambarsa, tana tura lambar ta hasken da ido ba ya gani, wanda a yawancin rimot ke ƙiftawa wajen sau dubu 38 a daƙiƙa. In kana so ka san ko rimot na aiki, saita bakinsa ga kyamarar waya ka danna, a yawancin wayoyi za ka ga haske na walƙiya. Sikelin lantarki da ake auna shinkafa da shi na da ita, haka na'urar gwajin hawan jini da ta sukari, haka ɗan carbin lantarki da ake saƙalawa a yatsa. Akwai kuma waɗanda ba su da ita, ko da suna kashe kansu. Dutsen guga da butar lantarki ta gama-gari ɗan ƙarfe ne a ciki mai lanƙwashewa in ya ji zafi ya yanke wuta. Fankar silin mai makunnin murɗawa da tsohon firji ma babu. Duk wanda ya ce maka ƙwaƙwalwar irin waɗannan ta mutu, ka ɗauki kayanka ka yi gaba.

Uku daga cikin kayan gida nake so in ɗan daɗe a kansu, don su ne mutane suka fi yi wa mummunar fahimta.

Na farko esi mai rimot, wato na'urar sanyaya ɗaki. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, sai ka ga fankar ciki na juyawa amma sanyi bai zo ba sai bayan kamar minti uku. Mutane kan ɗauka lalacewa ce, har su yi ta kashewa suna kunnawa. Da gangan aka rubuta mata haka. Kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, in ya tsaya, iskar gas ɗin da ke gefe ɗaya tana matse, in aka tashe shi kafin ta daidaita sai ya ja wuta mai yawa ya yi zafi, yau da gobe ya ƙone. Jiran nan ceton kuɗinka ne. Shi ya sa ma sitabilaiza mai kyau take da maɓallin jinkiri, kuma in firji ne ko esi a kanta, a bar jinkirin a kunne.

Sai mitar wuta ta kati, wadda muke da ita a ƙarƙashin Kaduna Electric, kamfanin da ke raba wuta a Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna. Mutane na tambayata yadda mita ke sanin ka biya kuɗi alhali ba ta da layin waya. Ba ta buƙata. Lambobi 20 ɗin da ake ba ka saƙo ne a kulle, mabuɗinsa na cikin ƙwaƙwalwar mitarka ita kaɗai. Ta buɗe saƙon ta ga yawan yunit, ta ga kuma lambar lokacin da aka sayar, ta adana wannan lamba don kada a sake loda kati ɗaya sau biyu. Wannan lambar lokaci ƙidayar mintuna ce da aka fara daga farkon 1993, kuma gurbin da aka ware mata yana ɗaukar mintuna miliyan 16 da dubu ɗari bakwai da wani abu kawai. Lissafi ya nuna gurbin zai cika ranar 24 ga Nuwamba, 2024. Dalilin da ya sa aka yi ta sanarwa a lokacin cewa kowa ya loda wasu lambobi na musamman kashi biyu a mitarsa ke nan, a Najeriya da sauran ƙasashen da ke amfani da wannan tsari. Shawarar da wasu injiniyoyi suka yanke a kan girman gurbi shekaru talatin baya ita ce ta zo ta same mu a gidajenmu.

Na uku agogon kiran sallah, wanda ya cika masallatai da falo-falo. Ba a zuba masa lokutan da hannu. Ƙwaƙwalwarsa ce ke fitar da su daga kwanan wata da garin da aka zaɓa mata, agogon kuma na tafiya da wani ɗan kiristal mai bugawa sau 32,768 a daƙiƙa, da ɗan batir mai kama da kwabo da ke riƙe lokaci in an ɗauke wuta. A nan ne nake roƙon jama'armu su lura. Mu muna yamma da Kano da fiye da digiri huɗu, kowane digiri kuma minti huɗu ne a tafiyar rana. Ke nan rana na faɗuwa a Birnin Kebbi wajen minti 17 bayan ta faɗi a Kano. Agogon da aka sayo daga Kano aka rataye ba tare da canza gari ba zai kira magariba rana na sama, kuma a watan azumi wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Agogon bai yi kuskure ba, abin da aka gaya masa ya bi. A saita shi, a kuma riƙa gwada shi da ladanin unguwa da faɗuwar rana.

Tun da sola ta shiga gidaje da yawa, bari in ƙara ɗaya a taƙaice. Kontirolar caji, wadda ke tsakanin faranti da batir, yawancinsu da an haɗa su sai ƙwaƙwalwar ta auna batirin ta yanke ko na bolt 12 ne ko 24. Saboda haka batir ake fara haɗawa, sannan faranti, in za a kwance kuma a fara cire faranti. Wanda ya juya wannan tsari yana iya rikita ta ko ya ƙona ta.

Me ke kashe fanel a ƙasarmu? Na farko wuta. Wutar gida bolt 230 ya kamata ta kasance, kuma a kowane fanel akwai sashen da ke sauko da ita zuwa 12 da 5. Wannan sashe shi ne garkuwa, shi ke shan duka. In wayar nutural ta tsinke a layin unguwa, wutar da ke shiga wasu gidaje na iya haurawa ta doshi 400, shi ne ranar da za ka ji gida-gida ana kukan talabijin da dikoda. Ƙaramin janareta ma yana harba wuta sama in an tashe shi ko mai na ƙarewa, don haka a kashe kaya kafin a juya layi. Tsawa a damina kan shigo ta wayar dish, cire filogi kaɗai bai isa ba. Na biyu zafi. Ka san yadda Maris zuwa Mayu suke a nan, ma'auni na wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin da aka jingina da bango ƙarƙashin kwano. Ƙwaƙwalwar kanta tana jurewa, ko ta gama-gari an yi ta ta kai digiri 70. Kafasita ce ba ta jurewa, wato 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan fanel. Akwai ruwan sinadari a cikinsu da ke bushewa, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 na raba kwanansu biyu. In ta gaji sai kanta ya kumbura, wutar da ke isa ƙwaƙwalwa ta daina tsayawa cak, kayan su riƙa kashe kansu suna kunnawa, ko su ƙi tashi sai an yi ta gwadawa. Mai kallo sai ya ce ƙwaƙwalwa ta haukace, alhali yunwa take ji. Na uku ƙura da ƙwari: kyankyaso da tsaka na son ɗumin fanel, su kwanta a kan layuka biyu su haɗa su.

Saboda haka ga abin da za ka nema daga kowane mai gyara kafin ka yarda da sayen fanel. Ya sa maltimita, wato na'urar awon wuta, a gabanka ya nuna maka ko bolt 5 na isa ƙafar ƙwaƙwalwa, kuma a tsaye take ko tana rawa. Ya duba fiyus da kafasita da rile. Ya gwada sensa da maɓallai. In duk waɗannan lafiya suke, ƙwaƙwalwar kuma ta yi shiru ko tana zafi har ba ta taɓuwa, to a nan ne za a ce ta mutu. Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan ba. Kuma in aka canza fanel, karɓi tsohon ka ajiye.

Yanzu tambayarka ta biyu, me ya sa ba a sayen ita kaɗai. Ana sayarwa, kuma ba ta da tsada. Sai dai wadda za ka saya allo ce da ba a yi rubutu a kai ba. Icen iri ɗaya ne da na allon da ya fashe, amma karatun ba ya ciki. Umarnin da ke sa ta zama ƙwaƙwalwar injin wanki kamfani ne ya rubuta, ya zuba, sannan ya kulle ta yadda ba a iya kwafowa. Wasu ma sau ɗaya tak ake iya rubuta musu. A kaya masu araha sosai, irin tocila da carbi da kalkuleta, ba za ka ga ƙafafu ba ma, ɗigon baƙin danƙo kawai za ka gani a manne, wannan babu gyara. Hanyoyin da suka rage su ne a sayi fanel irinsa sabo, ko a ciro daga wani injin irinsa da ya mutu ta wani gefen, ko a sa fanel na gama-gari. Akwai irin wannan na esi da na injin wanki, yana zuwa da rimot ko maɓallansa, yana kuma aiki a kan na'urorin da ba na inbata ba, wato ba irin waɗanda fanel ke rage ko ƙara gudun motonsu ba. Esi ko firji mai inbata kuwa fanel ɗinsa da kwamfiresonsa tare aka tsara su, ba a yi musu aure da baƙo. Talabijin da dikoda nasu daban ne: a yawancinsu manhajar na zaune a wata 'yar aisi mai ƙafa takwas a gefe, ana iya sake zuba mata, kamar yadda masu gyaran waya ke yin filashin. Talabijin da ta maƙale a tambarin kamfani sau da yawa wannan ne maganinta.

Ra'ayina a kan wannan kulle-kulle, ban ji daɗinsa ba. Kamfani na da haƙƙin kare aikinsa, amma mutumin da ke Kamba ko Zuru, wanda fanel zai yi mako biyu kafin ya iso masa, in ma an samu, shi ke ɗaukar nauyin. Duk da haka ba na cikin masu cewa kayan da sun fi na yanzu a komai. Firji mai inbata yana tashi a hankali, yana cin wuta kaɗan, shi ya sa sola matsakaiciya ke iya ɗaukarsa, tsohon firji kuwa sai ya durƙusar da ita. Wannan aikin ƙwaƙwalwa ne. Abin da nake gaya wa masu saye shi ne su auna da inda suke. In wutar unguwarku mai hawa da sauka ce, ruwa kuma na guga ne, injin wanki mai ganga biyu ya fi muku kwanciyar hankali. In ka sayi mai ƙwaƙwalwa, ka haɗa da abin kariya da ake sa wa a soket, mai yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ya kuma jira kafin ya mayar. Ka tambayi mai shago ko ana samun fanel ɗinsa kafin ka biya.

Sai zancen yaronka, Allah ya yi masa albarka. Wannan ne ɓangaren da ya fi faranta mini rai a wasiƙarka, domin muna da masu canza fanel da yawa, masu iya rubuta wa ƙwaƙwalwa umarni ne ba mu da su. Ya fara da Arduino, wani ɗan allo da aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005 musamman don masu koyo. Samfurin Uno na ɗauke da ATmega328P ɗin da na ambata, ana haɗa shi da kwamfuta ta wayar USB, manhajar rubuta umarnin kuma kyauta ce. Ana samun allon da kayan haɗinsa a kasuwar Sabon Gari ta Kano da Alaba ta Legas, ko a yi oda. Kafin ma ya saya, akwai shafukan Tinkercad da Wokwi inda zai haɗa komai a kan allon kwamfuta ya gwada ba tare da ya ƙona ko waya ɗaya ba. Aikin farko kunna 'yar fitila da kashe ta duk daƙiƙa. Kada ya raina shi. Daga nan maɓalli, sai sensar zafi, sai rile. In ya ƙware ya koma ESP32, wadda ke da Wi-Fi a jikinta. Turancinsa da lissafinsa su yi ƙarfi, don takardun bayanin aisi duk da Turanci suke. In Allah ya ba shi gurbi a sashen lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru ko jami'ar Aliero, madalla, amma ya haɗa da zaman shago wurin mai gyara, don riƙe dalma da karanta maltimita a hannu ake koyonsu.

Ya kuma zaɓi ayyukan da ke da masu saye a nan gida. Abin da zai kashe famfon burtsatse in tanki ya cika, ya kuma hana shi gudu in rijiya ta ƙafe, masu gidaje da masu noman rani a fadama duk suna buƙata. Injin ƙyanƙyasar ƙwai ma haka: a riƙe zafi wajen digiri 37.5, a riƙa juya ƙwan kaza har kwana 18 a bar shi ya ƙyanƙyashe a na 21, na zabi kuma ya kai kwana 26 zuwa 28, duk a kan batirin sola. Sharaɗi ɗaya nake so ka kafa masa da kanka. Duk abin da zai yi a farko ya tsaya a kan batir da wutar USB. Kada ya taɓa wutar gida sai a gaban maigidansa na shago, kuma ya sani babbar kafasitar da ke cikin talabijin ko inbata ko na'urar ɗumama abinci tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire filogi, sai an sauke ta kafin a sa hannu.